Mai Sanda Ma Yana Jan Numfashi

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da yayana da wata jaka da bai yarda kowa ya ɗauka ba, don begilarsa na ciki. Rabin rayuwarsa ya yi yana busa ta a badujalar 'yan sanda, har haƙoransa na gaba suka riga shi yin ritaya. Ɗana mai aikin jigilar kaya a Dubai ne ya ce a kawo shi a dasa masa wasu. Kafin mu taso, shugabar wata sakandare ta roƙi Yaya ya riƙe mata badujalar ɗalibai, ya ƙi. A wurinsa mai sandan jagorantar badujala ba makaɗi ba ne, mai korar ƙuda ne a gaban masu aiki. Ta ce za ta jira shi har mu dawo, in bai sauya ba kayan busar su koma sito.

Unguwar Deira, inda muka sauka a Dubai, dai Kantin Kwari ce da aka sa wa na'urar sanyi. Ko'ina ka juya Bakano ne yake ciniki da Larabcin da Balarabe ma sai ya nemi tafinta. Shayin karak dirhami ɗaya, haka ma abra, kwalekwalen da ya tsallaka da mu Bur Dubai wurin likita.

Likitar, wata Ba'indiya mai sanyin murya, ta ce sababbin haƙoran za su tauna nama, amma ƙashin da zai riƙe su ya yi siriri, ba zai jure matsin bakin begila ba. Yaya ya yi mata godiya kamar albishir ta yi masa. A abra ya rungume jakar nan. Ranar ko shinkafar mandi bai taɓa ba.

Abokin zaman ɗana, wani ɗan Zangon Kumasi da ke nuna wa mutane kujeru a babban zauren kiɗa, shi ya samo mana izinin kallon gwajin makaɗan Turawa da rana. A jirgin ƙasa na ɗauko karatu, ina gaya wa Yaya cewa kusan duk mashahuran masu sandan nan da kayan kiɗa suka fara: galibi fiyano, wasu gogen kafaɗa, wasu ƙaton gogen da ake dafewa tsakanin gwiwoyi, har da masu ganga. Ya ce in bar alli a gida, ba aji muka zo ba.

Mai sandan wani tsoho ne ɗan siriri. Ni kwat ɗinsa nake kallo, Yaya kuwa ƙirjinsa. Can ya taɓa ni.

"Malam, wannan ya taɓa busa."

Na tambaye shi a ina ya karanta.

"Duba, kafin ya ba masu ƙaho hannu sai ya ja numfashi tare da su. Kuma ba ya barinsu su shaƙe. Ya san inda iska ke ƙarewa."

Da aka huta, ɗan Zangon ya ce haka ne, Baba, ƙaho tsohon ya yi ta busawa har jijiyar leɓensa ta mutu, sannan ya ɗauki sanda. Da aka koma kiɗa na saci kallon Yaya. Kafaɗunsa na tashi tare da na tsohon, yatsunsa na motsi a kan jakar. Na mai da idona gaba, don akwai abin da ƙane bai kamata ya gani ba.

Sauran kwanakin sun tafi a kujerar likita da kasuwar kayan ƙamshi ta Al Ras, inda ya sayi dabino ya kuma gwada haƙoran a kansa, suka ci jarrabawa.

Mun sauka Kano da la'asar, muka kama hanyar Zariya. Washegari na iske shi a tsakar gida yana fere reshen dalbejiya zai yi sanda. Ya ce in raka shi makarantar, in kuma riƙe masa jakar. Begilar ya miƙa wa wata ɗaliba mai cikakkun haƙora, ya ce ta tsaya tukun, kada ta busa sai ta ga ya ja numfashi.

Na tafi Dubai ina zaton haƙora muka je nema. Ashe busar ba a baki take zaune ba, kuma mutumin da ya san inda iska ke ƙarewa shi ya fi cancanta a ba sanda.