Shaida a Kan Kifin Mai

Mun tashi da asuba, in dai asuba za a kira ta, don a arewacin Norway a wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa balle ta fito. Agogo muka duba muka yi salla. Mu biyu ne, ni da abokin aikina. Kamfanin jimar fata da muke wa aiki a Challawa ne ya turo mu kwas kan sabon man da ke sa fata laushi.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni cikin sanyin nan. A da, kafin a hana, wani mai ake kawo mana a duro, garau kamar man gyaɗa. Wani Bature da ya zo gyaran inji ya ce mini daga cikin kan wani kifi ake ɗebo shi, kifin da ya kai tirela tsawo, iska yake shaƙa, macen kuma nono take ba ɗanta. Ni da bakina ba ya riƙe magana, na kai ta teburin mai shayi a ƙofar kamfani. Tun ranar sunana ya koma Ƙanzon Kurege. Abu ya wuce wasa, ko cewa na yi an yi ruwa a Sharada sai an tambayi wani. Magidanci da furfura a gemu, a ce maganarsa ba ta da nauyi, wallahi abin yana ci mini rai. Wanda ya raɗa mini sunan kuwa shi ne wannan da muke tafe tare.

Tun zuwanmu na addabi malamin kwas da tambaya. Ya ce akwai wani tsibiri can gaba inda masunta suka fara ɗaukar baƙi zuwa kallon kifin, wel ake ce masa da Turanci. Ya buga waya ya kama mana wuri, ya ce mu sa duk tufafin da muka mallaka, kada mu ci mai maiƙo, in kuma iska ta tashi jirgi ba zai fita ba. Hutun ƙarshen mako ɗaya ya rage mana a ƙasar. Abokina ya ce zai bi ni don ya ga ƙarshen ƙarya.

Bas muka hau. Hanyarsu siririya ce amma ba rami ko ɗaya, in ta ci karo da dutse ba ta kewaya shi, huda shi take ta wuce ta ciki. A bakin teku muka riƙa wuce rumfunan katako dogaye, ashe a kansu ake shanya busasshen kifin nan mai taurin icce da muke gani a kasuwar Sabon Gari. Mutanen ba su da gaisuwa, a bas ko tari ba ka ji, amma in ka tambayi hanya sai mutum ya ajiye abin da yake yi ya raka ka. A jirgin fiton da ya tsallakar da mu tsibirin na sayi shayi, kuɗinsa ya isa tuwon dare a gidana. Ni burodi na ci da wani cuku nasu mai zaƙi kamar alewa. Abokina ya ce shi ba a yi masa doka a kan cikinsa, ya narki soyayyen kifi ya barbaɗa yajin da muka taho da shi.

Jirgin masuntan ƙarami ne, warin kifi ya kama shi. Wando biyu na sa, da kwat ɗin gwanjo na Ƙofar Wambai, da hular sanyi a kan hulata, amma da muka bar gaɓa sai na ji kamar tsirara nake. Ruwan baƙi wuluk, yana ɗaga mu yana saki. Ba a jima ba kifin da abokina ya ci ya nemi hanyar komawa gida. Ya yi amai har ya galabaita, ya gangara ɗakin ƙasa ya ƙudundune. Ni ina sama ina tauna citta, ina addu'a. Muka yi ta tafiya, ba komai sai tsuntsaye. Na fara tunanin dariyar da za a yi mini a teburin mai shayi.

Can sai direban jirgin, wani dattijo mai jan gemu, ya nuna da hannu. Wani feshi na gani yana tashi a karkace. Ya ce kifin ba ya daɗewa a sama, in ya nutse sai an yi dogon jira, shi kuwa iska ta fara sauyawa, juyawa zai yi. Ban tsaya kallo ba, na faɗa ɗakin ƙasa da gudu.

"Kai, tashi, ga shi can."

"Na yarda, wallahi na yarda. Ƙyale ni in mutu a kwance."

"Ba yardarka nake so ba, idonka nake so."

Na saɓa shi a kafaɗa kamar buhun gishiri na hau da shi, na jingina shi da ƙarfen jirgi. Ga kifin dab da mu, fatarsa a tattare, kansa kaɗai kamar tankar mai. Yana numfashi muna jin hucin. Sai ya lanƙwasa baya, ya ɗaga jela sama a hankali, ruwa na zuba daga gefenta, ya shige. Abokina ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah," a hankali, ya maimaita. Ni hawaye nake, na murna, da kuma tausayi da na tuna durorin da muka ƙarar. Shi kuma ya koma amansa.

Mun sauka Kano ana yayyafi, ɗumi ya rungume mu, har warin jima da na shiga Challawa daɗi ya yi mini. Ran Litinin teburin mai shayi ya cika kafin shigar safe. Aka ce, "To Ƙanzo, ina kifi?" Na nemi wuri na zauna. Abokina ya miƙe ya je jikin katangar kamfani, ya ja layi da ƙafa, ya kama tafiya yana auna tsawon kifin. Ya tsaya ya ce, "Nan kansa ya ƙare." Ya ci gaba har ya wuce ɗakin maigadi. Ya juyo ya ce, "Ni na raɗa masa suna, yau na janye. Da idona na gani, ku shaida."

Abin da tafiyar nan ta koya mini, duniya ta fi teburin mai shayi faɗi, kuma in za ka je neman gaskiyarka, ka tafi da wanda ya ƙaryata ka, ko da a kafaɗa ne. Ranar dai ba wanda ya sake ce mini Ƙanzo. Mai shayi ya miƙo mini kofi ya ce, "Malam Habu, a ƙara madara?" Na ma manta rabon da in ji sunan da mahaifina ya sa mini a ƙofar nan.