Ranar da Gwaggo Ta Kulle Zaure

Mahaifiyata ba ta yi boko ba, amma Allah ya yi ta da son waya. Duk saƙon murya da ya shigo sai ta ƙure sauti ta saurara. Ga shi tana fama da hawan jini, likita ya ce a kiyaye ta da mummunan labari. Shi ya sa da danginmu na Ƙofar Atiku suka ce a tara kowa a zaure ɗaya na waya, a riƙa sanar da biki da suna da rasuwa, sai gabana ya faɗi.

Rigimar ita ce wa zai riƙe zauren. Wani ɗan kawunmu da ke Abuja ya ce a bar masa, har ya kawo manhajar kamfanin da yake wa aiki, wai kyauta. Na tambaye shi, hotunan matanmu da muryoyinsu a hannun wa za su kwana? Ya ce in kwantar da hankalina. Ni kuwa in na yi tambaya aka ce in kwantar da hankali, tashi yake ƙara yi. Aka ƙare a kan manhajar da kowa ya saba da ita, aka damƙa riƙon ga gwaggonmu ta Mabera, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ko ɗan cikinta ba ta raga wa. Sharaɗinta ɗaya: labarin mutuwa ba ya hawa waya sai an taka an gaya wa gida. Samari suka sa mata suna Soja. Ni kaina ta taɓa goge mini tallan atamfa, na yini ina cika ina batsewa.

Wata rana motar da yayana ya ɗauko kaya daga Illela ta kife. Hoton motar ya zaga kasuwa, aka ce babu wanda ya fita da rai. Wani ɗan'uwa ya kira gwaggo yana kuka, yana neman izinin sanarwa. Ta tambaye shi ko ya ga gawa da idonsa, ya ce a'a. Nan take ta kulle zauren, ta kira ni.

"Tahi wurin uwarki ki zamna," in ji ta. "Kar ki ce komi sai mun tabbatar."

Na iske Inna tana tsinke zogale. Na zauna ina taya ta, ina jin kamar in kurma ihu. Ita kuwa sai juya waya take yi.

"Mi ya sami wagga waya? Yau ko gaisuwa babu."

Na ce matsalar sabis ce.

Ana kiran la'asar wayar ta yi ƙara. Muryar yayana ce daga asibiti, a gajiye, yana cewa ƙafa ce ta karye, sauran da sauƙi. Inna ta yi salati, ta yi hamdala, sannan ta rufe shi da faɗa a kan hawa motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima. Ni dai na zagaya bayan madafa na yi kuka mai isata, kukan daɗi.

Da na dawo ta dube ni, ta ce ƙafa ce fa kawai, in daina rakin banza. Na ce to, Inna. Har yau ba ta san cewa a ranar wasu 'yan layin atamfa na kasuwa sun rufe shaguna suna shirin jana'izar ɗanta ba.