Fitilar Awo ta Sahabi

A zamanin da mahaya daga arewa ke faɗa wa ƙauyukan yammacin Katsina da kaka, Yasore na da mai gadin dutse, sunansa Sahabi. Manomi ne kamar kowa. Amma da rana ta faɗi sai ya hau dutsen bayan gari da ganga, ya zuba wa daji ido.

Wuta yake dubawa. Makiyaya na hura wuta, mahara ma haka, kuma a duhu ba a sanin nisanta sai da abin gwadawa. Nasa abin gwadawar fitilar kasko ce da matarsa Ma'u ke kunnawa a kan katangar gidansu: man kaɗe, siririn lagwani, kullum wuri ɗaya. Wutar da ba ta kai fitilar haske ba tana nesa, sai a kwana. Wadda ta kamo ta, a buga ganga. Ita ma fitilar yakan gwada ta da wani jan tauraro da ke biyo Kaza da 'Ya'yanta daga gabas, don tauraro ba a ƙara masa mai.

Ba da wannan dabara ya fara ba. Shekararsa ta farko da ido kawai ya kimanta, ya ce wutar na nesa. A harin nan aka tafi da 'yarsa Bara'atu. Ba ya zancen.

Wata shekara da kaka, Ma'u ta tafi bikin suna a Safana, ta bar wa maƙwabciyarsu Turai kunna fitilar. Bayan magariba Sahabi ya hango wuta ta arewa. Ya dubi fitila, ya dubi wutar: dishi-dishi take, ko rabi ba ta kai ba. Har ya jingina da dutse.

Sai tauraron ya fito, shi ma a dushe. Sama kuwa tas, babu gajimare.

Ya tashi zaune. Da farko ya zargi idonsa, amma in ido ne, ai da fitilar ma ta dushe. Ita ce ta ƙaru. Ƙarin kaɗan ne ko mai yawa, bai sani ba, kuma tun da bai sani ba, wutar nan tana iya zama a bakin gonaki.

Buga ganga ba wasa ba ne. Tsofaffi da masu jego za su hau dutse a duhu, a bar dammunan gero a fili, shanun rugar makiyayi Yero su watse. Wanda kuma ya buga ta a banza sau ɗaya, ba a amsa masa a karo na biyu. Makaɗin gangar ya suɓuce daga hannunsa. Ya lalubo shi a tsakanin duwatsu, ya buga.

Mutane suka hau suna tuntuɓe, ana toshe wa yara baki. Turai ta iso tana haki, da tukunya a ka.

"Malam Sahabi, ka ga aikina?" ta ce a hankali. "Man gyaɗa na zuba, na ninka lagwani. Wannan ɗan ƙyallin na Ma'u, ko ɓera ba zai ga rami da shi ba."

"Kin kashe ta da za ki taho?"

"In kashe? Na bar maka ka gani da kyau."

Daga saman dutsen suka ji kofatai. Mahayan suka nufi haske ɗaya tilo da ke garin, gidan Sahabi ne ya fara cin wuta, sannan rumbunan da ke kusa. Turai ta sauke tukunyar ta rufe fuska da zane.

Sahabi bai dubi gidan ba. Gida gida ya bi mutanen da ke maƙale a dutsen, yana taɓa kan kowa, yana kiran suna cikin raɗa, ana amsawa. Tsohuwar Yero ta karya ƙafa wajen hawa. Bayan ita, kowa lafiya, kuma ba a rasa ko ɗaya ba.

Ya sake gini bayan kakar, ya ci gaba da hawa dutsen har tsufa ya hana shi. A Yasore ya rasu.