Lahadin da Aka Tafi da Hannatu

Ranar Lahadi ce, cikin damina. Gero ya fi mutum tsayi. Ƙarfe shida na dama kunu, na yi wa jaririna Bitrus wanka. Maigidana Iliya ya tafi share majami'armu, ɗaki guda na ƙasa a bakin gari. Ɗiyata Hannatu, mai shekara sha huɗu, ta tsaya neman kallabinta. Na yi mata faɗa. Maganata ta ƙarshe da ita ke nan.

Ƙarfe takwas muka fara waƙa. Takwas da rabi muka ji rugugin babura daga kudu. Waƙar ta mutu a bakinmu. Harbi ɗaya, sai shiru, sai harbi ba iyaka.

'Yan bindiga suka daka tsawa daga waje: "Ku hito! Ku kwanta ƙasa!"

Iliya ya tare ƙofa da jikinsa don mata su fice ta baya. Harsashi biyu suka ba shi. Na ji faɗuwarsa a kan benci. A waje wani mai jan rawani ya damƙe hannun Hannatu. Ta ce "Inna!" sau ɗaya. Bitrus yana bayana. Na gudu. Na ji ta sarai, amma na gudu.

Na kwanta cikin gero, na cusa wa yaron nono don kada ya yi kuka. Rumbuna na ci da wuta, hatsi na fashewa ƙas-ƙas. Azahar ta yi, ba a kira salla ba. Sai na gane sun bi ta masallaci ma. Da la'asar Malam Sani maƙwabcinmu ya same ni, rigarsa duk jinin ƙanensa. Ya ɗora mu a kan amalanke.

Kwana uku muka yi kafin Dakoro, ƙarshen tafiyar a bayan motar hatsi. Yayana Mamman da ke can musulmi ne, bai kula ni ba tun ranar da na auri Iliya. Ya buɗe ƙofa, ya dubi ƙafafuna. Ya ce wa matarsa ta ɗora ruwan zafi.

Damina biyu ke nan ina ɗakin da ba nawa ba. Ina daka wa mutane gero. Jandarmomi sun rubuta sunan Hannatu, shi ke nan. Faston da ke nan ya ce in gafarta. Na ce masa: "Baba, bakina ya gafarta. Sauran jikina yana jiran ranar shari'a." Ina son in ga mai jan rawanin nan tsaye gaban Ubangiji, hannunsa babu bindiga, a tambaye shi inda ya kai ta. Ni ma za a tambaye ni gudun da na yi. Na yarda, in dai za a yi tambayar.

Da, in ana waƙar Mulkin Sama, baki kawai nake bi. Yanzu ina marmarinsa kamar mai ƙishi. Ba don hutu ba. Can ne kaɗai ba a shigowa da babur.

Mu ashirin da uku muka shiga majami'a ran nan. Tara an binne su rami ɗaya, ban ga wurin ba. Mu sha uku mun warwatse. Hannatu ban san inda zan ƙirga ta ba.