Mota ta Biyar

Ranar Talata da hantsi ina tashar Gure, ina bin direbobi ɗaya bayan ɗaya ina tambayar ko akwai wanda ya ga motar wani direba mai suna Mutari, sai ga mai shayin da ke kusa da garajinmu ya taho yana nemana. Ya kama hannuna ya ce, "Habu, sai haƙuri. Maigida Kiyari ya riga mu gidan gaskiya." Na yi ta maimaita innalillahi, na zauna a kan wata tsohuwar taya. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: kafin baƙin ciki ya iso, tsoro ne ya fara kama ni. Maigida ya tafi, kuma motar da ya yi mako biyu yana nema tana can cikin daji ɗauke da mutane.

Maigida Kiyari mai gyaran wutar mota ne, garajinsa na bayan kasuwa. Shekara goma sha huɗu na yi a hannunsa, shi ya koya mini sana'a, shi ya tsaya mini a aurena. Mutum ne marar yawan magana. Idan aka kawo mota, kafin ya duba komai sai ya sa kansa ciki ya shaƙi iska, don ya ce hanci yakan riga ido sanin waya ta yi zafi. Bai taɓa taɓa waya ba sai ya cire kan batir ya yi bisimilla. A damtsensa na hagu akwai tabon ƙuna. Tun yana matashi ya ga babbar mota ta kama da wuta a hanyar Damagaram, kuma bai taɓa ba mu labarin har ƙarshe ba. Abin da kawai yakan ce shi ne, "Wuta ba ta barci a cikin waya, jira take."

Da yayin kiɗa mai ƙarfi ya shigo, matasan direbobi suka daina wadatuwa da rediyon kaset. Kowa yana son ampili, akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, da babban bafal, wato lasifika, wanda ake jin dukansa a ƙirji tun motar ba ta iso ba. Maigida ba mai son kiɗa ba ne, labaru kawai yake saurare. Amma ya karɓi aikin ɗaura su, ya ce in bai yi ba wanda bai iya ba shi ne zai yi, kuma gawa ba ta tambayar wane gwani ne ya ƙi.

Bayan faɗuwar darajar sefa, kuɗinmu na Nijar, ampili na ƙwarai ya fi ƙarfin direban daji, sai masu araha da ƴan kasuwa ke kawowa daga Kano da Damagaram. Kwalayensu cike da manyan lambobi. Direba zai shigo yana washe baki, ya nuna lambar, Maigida ko kallonta ba zai yi ba. Sai ya fito da ampilin ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shafa ƙarfen bayansa mai fitar da zafi, ya duba girman fizibil ɗinsa, wato fis. Yakan ce ampili a hannu ake karanta shi, ba a kwali ba. Idan ya ji shi sakayau sai ya miƙa wa mai shi ya ce ya mayar, wanda ya rubuta lambar nan bai san zafin Gure ba. Ba ya hana mutum sayen mai araha. A waya ne kawai ba ya yarda da araha: mai kauri daga batir, fizibil taƙi ɗaya daga kan batir don ya yanke wuta idan ta yi yawa, roba a duk ramin da waya za ta ratsa ƙarfe. Ya faɗa mini wannan ya fi sau ɗari.

Ga laifina, kuma yau ne na fara faɗinsa a bainar jama'a. Farkon bazarar bana tarin da ke damun Maigida ya tsananta, aka kai shi asibiti a Damagaram, ya bar mini garaji. Wayarmu ta ƙare, na shiga kasuwa na ga wani ƙullin jar waya mai kauri kamar ɗan yatsa, kuɗinta rabin na wadda muka saba. Na saya. Da na fere bakinta na ga robar ce mai kauri, jan ƙarfen da ke ciki ƴan silalla ne kawai. Na gani da idona. Amma direbobi na jira, ina kuma son a ce Habu ya riƙe garaji, sai na ce wa kaina za ta yi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mota biyar na ɗaura wa ampili da wayar nan, kowace na sa mata babban fizibil irin na waya mai kauri.

Kwana uku da dawowarsa, yana zaune a kan benci yana numfashi da ƙyar, ɗaya daga cikin motocin ta shigo gyaran fitila. Ya sa kansa ciki kamar yadda ya saba, sai na ga ya tsaya cak. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya jawo wayar, ya yanke ta ya duba cikinta. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya bayyana wa direban a hankali cewa siririyar waya za ta yi zafi ta narke tun babban fizibil bai ji komai ba, kuma da zarar ta taɓa ƙarfe, wuta ce. Sannan ya juyo gare ni.

"Da ka fere ta, ka gani?"

"Na gani, Maigida."

"Nawa ne?"

"Biyar."

Na jira zagi, ko mari, da na fi son su. Sai kawai ya ce, "To, tashi mu nemo su." Ya gaya wa direban kuskuren garajinsa ne, bai ambaci sunana ba. Haka ya gaya wa kowa har ya mutu.

Uku daga cikin sauran muka samu cikin mako guda, ɗaya a gari, ɗaya a Gidigir, ɗaya aka turo mana daga Gamu. Kowace waya muka cire sai ya naɗe ta ya rataye a ƙusa a bangon garaji. Saura ta Mutari, mai buɗaɗɗiyar Toyota da ke bin kasuwannin daji. Ni na ɗaura masa ampili a bayan kujera, kuma na san a nan yake ajiye bido biyu na esansi, wato jarkokin fetur, don babu inda zai sayi mai a hanya. Na san yana ɗaukar mutum ashirin da awaki da buhunan kanwa, yana kuma ƙure kiɗa idan mota ta shiga rairayi. Mun aika saƙo ta bakin kowane direba, amma in an ce an gan shi jiya a nan, gobe sai a ce ya yi gabas.

Maigida ya daina cin abinci sosai. Da jiki ya hana shi fita, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure inda zai ji shigowar motoci. Na je na roƙe shi ya huta, na ce laifina ne, ni zan ɗauka. Ya ce, "Habu, waɗanda za su hau motar nan ba su san ka ba. Sun ji an ce aikin garajin Kiyari ne, shi ya sa hankalinsu ya kwanta. Da me zan tsaya gaban Allah in sun ƙone?"

Muka kai shi makwancinsa bayan azahar. Mutane na yi mini gaisuwa, suna cewa na yi rashin uba, ni kuwa duk ƙarar motar da na ji sai in waiwaya, ina jiran a zo da labarin gobara. Ranar sadakar uku wani makiyayi da ya zo ta'aziyya ya ce ya bar Mutari yana shirin cin kasuwar Bune. Washegari da safe na ɗauki waya ta ƙwarai na hau motar farko.

Tun daga bakin kasuwa na ji dukan bafal ɗin. Motar na tsaye, mata da yara sun fara hawa, an jibga kaya. Ban gaishe da Mutari ba, na miƙa hannu na kashe kaset, na buɗe gaba na cire kan batir. Ya fara faɗa, na ce masa Maigida ne ya aiko ni, sai ya ƙyale ni, don labarin rasuwar ya same shi. Muka fitar da bidon, na ɗaga shimfiɗa. Robar wayar ta yi laushi ta yi baƙi, ta manne da ƙarfe, a wuri guda har ana hango jan ƙarfen ciki. Tsakaninta da inda esansi yake bai kai taƙi ba. Mutari ya duba, ya dubi matan da ke bayan mota, ya zauna a ƙasa. Na cire wayar na sa masa ta ƙwarai.

Da na dawo na rataye wayar a ƙusa kusa da ƴan uwanta huɗu, na wuce gidan makoki. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce wa matar Maigida, "Inna Falmata, ta biyar ta samu. Babu wanda ya ƙone."  Ta ce da safen da ya cika, bayan kalmar shahada ba ta ji ya ce komai ba, amma kafin ita abin da ya tambaya shi ne ko an ga Mutari. "Da ma ya ji wannan da kunnensa," in ji ta.

Kwana huɗu ne tsakanin rasuwarsa da samun motar. Ni na jawo masa tafiya da wannan tsoro a zuci, kuma ba zan iya zuwa in gaya masa ya kwantar da hankali ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Kiyari, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ya kwana yana tsare bayinka daga wutar duniya, ka tsare shi daga wutar lahira. Ka ba Inna Falmata da ƴaƴansa haƙurin wannan rashi, ka zama gatansu. Laifin da ya rufa mini ya ce nasa ne, ya Ubangiji ka san nawa ne, kada ka tambaye shi a kansa. Amin.