Ɗan Fari a Hannun Kaka

A shekarar da sojoji suka koma bariki nake koyon aikin jinya. Hotunan 'yan takara na nan manne a bangayen Ƙofar Kaura, ruwan damina yana wanke musu fuska kaɗan-kaɗan. Duk Talata nakan bi wata dattijuwar ungozoma, wadda muke kira Hajiya, cikin tsohuwar motar asibiti zuwa rugage. Ni ce mai riƙe katuna. Da mun bar gari sai in jingina kai da gilashi, gero na wucewa kore shar, balbelu na sauka bayan shanu kamar an watsa auduga, har in manta inda za mu.

A wata ruga, gindin tsamiya, aka kawo yaro ɗan wata goma yana zawo. Hajiya na can tana duba masu ciki, sai na kira uwarsa, wata doguwa mai sanyin murya. Na tambayi sunansa, ta dubi ƙasa. Na ce kwana nawa ke nan, ta kau da kai ta ce lafiyarsa lau. Raina ya sosu, na ɗauka ba ta damu da shi ba. Duk da haka na koya mata haɗa ruwan gishiri da sukari, na nuna cokali, na nuna kwalba, na ce a tafasa ruwan tukuna. Ta yi ta gyaɗa kai. Na rubuta a kati cewa an yi wa uwa bayani.

Da Talata ta zagayo, maɗigar yaron ta lotsa, idanunsa sun zurma. Hajiya ta ja fatar cikinsa ta saki, fatar ta jima ba ta koma ba.

"Ke 'yar boko, wa kika yi ma bayani?"

"Uwarsa, Hajiya."

"Ɗan fari ne fa! Ke a gidanku kin taɓa jin uwarki ta kira sunan yayanku?"

Ban taɓa ji ba. "Wancan" take ce masa har yau, ga shi da gemu.

Ashe a bukkar kakarsa yaron yake kwana, ita ke ba shi ruwa, sai lokacin shan nono ake miƙa wa uwar. Mako guda matar nan tana riƙe da bayanina a zuci, kunya ta hana ta buɗe baki gaban surukarta kan ɗan fari. Ita kuwa tsohuwa jiƙon saiwa take ɗura masa da ruwan tafki.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta cire takalmi ta zauna kan tabarmar tsohuwar, aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi ruwa, aka sake gaisawa. Ni dai idona na kan ƙirjin yaron.

"Inna, mi ya samu angon naki?"

"Haƙora ne. Rago ne kawai, ya ga na tsufa yana neman gudu."

"To in kika bari ya tahi, wa zai kawo maki goro?"

Tsohuwa ta yi dariya, dariyar ta tsinke a tsakiya. Hajiya ta sa mata cokali a hannu, tsohuwar da kanta ta auna, ita ta ba shi. Sannan Hajiya ta ce ango na bukatar ƙarin ruwa a birni, kuma ba ya tafiya ba amarya. Tsohuwa ta goya shi ta shiga mota, uwar ta biyo baya don nono, ta zauna can ƙarshe tana kallon gonaki. Har muka shigo ta Ƙofar Marusa ba ta waiwaye shi ba, amma na ga yatsunta riƙe da gefen zanen goyon.

Kwana huɗu suka yi. Ran sallama uwar ta same ni ni kaɗai a baranda, ta tsaya tana kallon wata bishiyar darbejiya.

"Baƙon naku ya ci abinci?"

Na ce ya sha kunu, har ya ja wa Inna ɗankwali. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Katunanmu ba su da gurbin wannan tambaya, don haka a ƙasan katinsa na ja layi da biro na rubuta: wa ke ba shi ruwa?