Kujerar da Getsel Ya Kama wa Mahaifinsa

A unguwar Yeoville ta birnin Johannesburg, duk wanda takalminsa ya taɓa buɗe baki ya san Getsel Kurland. Shagonsa ɗan tsukuku ne a titin Rockey, kullum cikin warin gam da fata. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Idan ka shiga, takalminka yake fara dubawa kafin fuskarka.

Bayan yaƙin duniya ya zo ƙasar daga Shavli ta Lituweniya, saurayi daga ƙashi sai fata. Wani kawunsa ya karɓe shi, ya koya masa sana'a. Ya auri Pesha, suka haifi ɗa guda, Soli, wanda ya yi karatu har ya zama likitan haƙori. Rayuwar Getsel ba ta da wani faɗi: shago, gida, sai majami'a, wurin ibadar Yahudawa.

Majami'ar ce ma abin da ya ɗaure wa mutane kai. Addu'ar jam'i ta Yahudawa ba ta yiwuwa sai maza goma sun cika, kuma ko sanyin Yuli, hunturun can ƙasar, na fasa leɓe, Getsel ba ya fashin zuwa da safe. Amma ba ya addu'a. Zai zauna a layin baya, ya rufe kansa da 'yar ƙaramar hula, ya ɗora malafarsa a kujerar da ke damansa, ya yi gum. Abin da ke fita bakinsa kawai shi ne "Amin".

Alter, tsohon da ke kula da majami'ar, ba ya gajiya da tsokanarsa, yana kiransa Reb, wato malam.

"Reb Getsel, littafin nan a juye ka riƙe shi."

"Wanda ake karanta wa ya san abin da ke ciki."

"To me ya fito da kai cikin wannan sanyi?"

"Ku tara ne, kuma duk kun tsufa. Ni da Shi muna gaisawa, Alter. Hira ce ba ma yi."

"Malafar taka fa? Ita ma mu ƙirga ta?"

A nan Getsel kan kau da kai, Alter kuma ya san ya kai iyaka.

Kujerar ta mahaifinsa ce, Zundel. Lokacin da 'yan Nazi suka kwashe Yahudawan Shavli, uwar Getsel da ƙanwarsa sun riga sun mutu, ya ga kabarinsu da idonsa. Shi da mahaifinsa aka kai su wani sansanin bauta a Jamus, suna ɗaukar buhunan siminti. Zundel mutum ne mai ibada. Da asuba, suna tsaye a layin ƙidaya, yakan karanta addu'a can cikin maƙogwaro, in ya kai ƙarshe ya mintsini ɗansa don ya ce amin. Wata safiya ƙafafun tsohon suka kumbura, aka ware shi cikin marasa lafiya, aka ce za a kai su jinya. Yana hawa motar ya waiwayo ya ce, "Ka kama mini wuri, ina dawowa."

Kowa a sansanin ya san inda irin wannan mota ke zuwa. Getsel ma ya sani. Amma bai gani ba, kuma a kan wannan "bai gani ba" ya tsaya shekara da shekaru. Duk shekara yana kunna wa uwarsa da ƙanwarsa kyandir na tunawa, ban da mahaifinsa. Kadish, addu'ar da ɗa ke tashi tsaye ya yi wa mahaifinsa mamaci, bai taɓa yi ba. Malamin majami'a ya ce masa wanda bai san ranar rasuwar nasa ba yana iya zaɓar rana. Getsel ya ce shi ba zai zaɓa wa ubansa ranar mutuwa ba, waɗanda suka saba zaɓa a sansanin ai sun yi nasu.

Haka aka tafi har gashinsa ya yi fari, har matar Soli ta haifi ɗa namiji.

Soli ya zo shagon da rana, ya tsaya tsakanin takalma yana juya makullin mota.

"Baba, saura kwana kaɗan kaciya. Kai za ka riƙe shi a cinya."

"In hannuna bai yi rawa ba."

"Sunan fa... Ina so in sa masa Zundel."

Getsel ya ci gaba da buga ƙusa. A wurin mutanensu ranar kaciya ake raɗa suna, kuma ba a sa wa jariri sunan mai rai, sai na wanda ya rasu. Sa sunan daidai yake da shelar mutuwa a gaban jama'a.

"Sunaye sun ƙare ne a duniya?"

"Baba, in yana raye yau ai ya doshi ɗari."

"Akwai masu ɗari. Je ka gidan tsofaffi ka gani, har haƙora suke nema."

"Ni ban san fuskarsa ba. Ko hoto babu. Sunan nan kaɗai ya rage mana, shi ma ka kulle shi."

"Ka je, marasa lafiya na jiranka."

Soli ya fita. Ya aiko ta bakin uwarsa cewa ba zai saɓa wa mahaifinsa ba, za a nemi wani suna a dangin matarsa.

Da yamma Pesha ta ajiye masa shayi da lemon tsami. Ita ma ta fito daga irin wancan sansani, don haka ba ta saba lallashi ba.

"Ka ci nasara, tsoho. Sha shayinka."

"Kar ki fara, Pesha."

"Na fara tun kafin a haifi Soli, na gaji na bari. Uwata tana nan, ita ce 'yar Soli ta fari, tana cin alewa tana yi mini rashin kunya. Uban Alter yana buga ƙwallo a titi. Kowa nasa ya dawo. Naka ya ce maka yana dawowa, ko ba haka ba? To ta wace ƙofa kake so ya shigo? Guda ce ta rage, kai kuma ka tsaya a bakinta da malafa."

Getsel ya jawo shayin gabansa. Ya daɗe yana juya cokali a kofin, har shayin ya huce. Ba fushi yake ji ba. Gajiya ce irin ta mutumin da ya daɗe riƙe da kaya, har ya manta cewa ana iya saukewa.

Ranar kaciya, da hantsi, falon Soli ya cika. Tebur ɗauke da kifin gishiri da burodi da 'yan kofunan barasa. Aka zaunar da Getsel a babbar kujera, aka ɗora masa jaririn a kan matashi. Bai kai nauyin takalmin ma'aikacin ma'adinai ba. Mai kaciya ya gama aikinsa, yaron ya tsala kuka, ya yi ta harbin iska, har diddigensa ya sami hannun kakansa. Mai kaciyar ya ɗaga kofi ya ja addu'a. Getsel ya ce amin kafin kowa.

Sai aka zo wurin da ake ambaton suna. Mai kaciya ya dakata, ya karkata kunne wajen Soli. Soli ya buɗe baki.

"Zundel," in ji Getsel.

Mai kaciyar bai ji sosai ba. "Na'am, Reb Getsel?"

"Zundel. Sunan mahaifina ne, Allah Ya ji ƙansa."

Shi ne karo na farko da ya haɗa sunan da wannan addu'a. Soli ya rufe fuska da hannu. Pesha ta juya tana gyara farantan da ba su buƙatar gyara. Getsel bai ci komai ba a wurin. Ya koma gida ya kwanta da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya yi barci har la'asar.

Washegari ya zo majami'a kamar kullum. Ya tsaya a layin baya da malafarsa a hannu, yana kallon kujerar. Daga bisani ya je ya rataye ta a ƙusa, inda kowa ke rataye tasa.

"Alter, zo ka zauna nan. Tsayuwa ta fi ƙarfin gwiwoyinka."

Alter ya zauna a hankali, bai yi tsokana ba.

"Wace rana za ka zaɓa masa?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Jiya. Tun da jiya na sake shi."

Da aka zo Kadish, Getsel ya dafa bayan kujera ya miƙe. Kalmomin da ya ji dubban lokuta suka riƙa kakare masa, Alter na ɗora shi kalma bayan kalma kamar ɗan makaranta. Bai san ko akwai mai saurare a sama ba, kuma bai tambaya ba. Ya kai ƙarshe, tsofaffi tara suka ce amin. Ya naɗe mayafin addu'arsa, ya ɗauki malafa, ya tafi buɗe shago.